Daren da Baban Ummi ya kwana a layin makarantar nazare

Har yau idan na ba da labarin nan a gidan suna ko gidan biki, sai an sami wadda za ta harare ni ta ce, "Kai, Maman Ummi, ban da ƙari dai." To babu ƙari ko na anini. Mijina, da gemunsa da karatunsa, ya kwana zaune a bakin titi a ƙasar Japan, tun daga la'asar ɗin Litinin har hantsin Talata, don ya karɓo takarda guda ɗaya ta neman gurbi a makarantar nazare. Abin da ya fi sa mutane dariya kuma, a ƙarshe ba ma makarantar yarinyar ta shiga ba.

Ni 'yar Zariya ce. Kafin mu tafi na yi shekara huɗu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, don haka ina ganin babu wanda zai koya mini yadda ake sa yaro a makaranta. Da Satumba ta matso mai makaranta zai raba mana takardun talla, mu bi gida-gida muna roƙon iyaye. Uba zai riƙo hannun yaro a tsakiyar zango, a yi cinikin kuɗin makaranta kamar ana taya akuya, a ce ya kawo rabi sauran sai ƙarshen wata, a auna yaro a ba shi yunifom, gobe da safe ka gan shi a aji. Da wannan sanin na hau jirgi.

Maigida ya sami tallafin karatu na gwamnatin Japan don yin digiri na uku a wata jami'a a Tokyo. Ya riga mu tafiya a Afrilun 2018, ni da Ummi muka bi shi a watan Satumba, tana da shekara biyu da wata guda. Muka sauka a Kawasaki, birnin da ke tsakanin Tokyo da Yokohama, a gundumar Nakahara, cikin wani ɗan gida mai ɗaki biyu wanda idan na miƙa hannu daga kicin sai na taɓa ƙofar banɗaki. Tafiyar minti ashirin daga gidanmu akwai tashar jirgin ƙasa ta Musashi-Kosugi. An ce da can masana'antu ne a wurin, aka rushe su aka kafa dogayen gidaje masu hawa arba'in da hamsin, sabbin ma'aurata masu aiki a Tokyo suka cika su. A lokacin, da safe har layi ake yi kafin a shiga cikin tashar. Duk inda ka waiga keken jarirai ne.

Na sha jin cewa Japan na kukan ƙarancin haihuwa. A 2016, shekarar da na haifi Ummi, yawan jariran da aka haifa a ƙasar ya gaza miliyan ɗaya, karo na farko tun da suka fara ƙidaya. Sai na ce a raina, ƙasar da ke neman yara ido rufe, ai makarantunta ne za su riƙa bin mu da takardar talla. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

Wuraren yara kafin firamare iri biyu ne manya a can. Akwai hoikuwen, gidan reno na iyaye masu aiki, wanda ke riƙe yaro tun yana jariri daga safe har yamma. Akwai kuma yociyen, ita ce nazare, daga shekara uku zuwa biyar, a kai yaro wajen ƙarfe tara a ɗauko shi ƙarfe biyu. Da hoikuwen na fara, domin ina son in ɗan nemi aiki. Kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibin digiri na uku yen 145,000 ne a wata, haya kaɗai tana cinye kusan rabi. Bizata ta iyali ce, idan na nemi izini zan iya aiki amma kada ya wuce awa 28 a mako.

A ofishin gunduma wata ma'aikaciya ta baje mana wani jadawali. Ashe ba makaranta ke zaɓen yaro ba, hukuma ce ke auna iyaye. Wanda uwa da uba duk suke aikin cikakken lokaci shi ne a sama, matakin A. Mai aikin 'yan awoyi yana ƙasa da shi. Mai neman aiki, wato ni, yana can gindi. Na ce wa maigida ya tambaye ta: ta yaya zan sami aiki alhali ba ni da inda zan ajiye yarinya, kuma ba za a ba ni inda zan ajiye ta ba sai ina da aiki? Ta yi murmushi irin na wadda ta ji tambayar nan sau dubu, ta sunkuyar da kai ta ba mu haƙuri. Muka cike fom duk da haka, muka jera sunayen wurare takwas. Cikin sanyin farkon 2019 wasiƙa ta iso, ko ɗaya ba mu samu ba.

Wadda ta buɗe mini ido maƙwabciyata ce ta bene na biyu, mai ɗa namiji sa'an Ummi. Ta taɓa zama a Singafo don haka tana jin Turanci. Abin da ya fara haɗa jininmu shi ne yadda take kirana: "Ummi-chan mama." Na ce ikon Allah, na tsallako duniya na zo inda ake ce mini Maman Ummi kamar ina Tudun Wada. Na fi shekara ban san sunanta na yanka ba, ita ma ba ta san nawa ba, kuma bai dami kowa ba.

Da na nuna mata wasiƙar ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ita ma an hana ta shekara biyu a jere, har ta ajiye aikinta na kamfanin inshora. Ta ce fafutukar neman gidan reno har suna gare ta, hokatsu. Akwai matan da ke fara zagayen wurare tun ciki bai fito ba. Akwai masu lissafin haihuwa ta faɗo a Afrilu ko Mayu, don jariri ya yi ƙwari kafin a buɗe sabuwar shekara. Ta ba ni labarin wata uwa da ba a san ko wace ce ba, wadda a Fabrairun 2016 takaici ya sa ta rubuta cewa an hana ɗanta gurbi, gara Japan ta mutu. Maganar ta kai har majalisa gaban firaminista Shinzo Abe, mata suka fito ƙofar majalisar da kwalaye kowace ta rubuta cewa ita ce aka hana. A Afrilun 2017 yaran da ke jiran gurbi a faɗin ƙasar sun kai 26,081. Yara sun yi kaɗan a ƙauyuka, har ana rufe makarantu, amma a unguwa irin tamu sun taru wuri guda kamar kasuwar Sabon Gari ranar jajiberin salla.

Na haƙura da hoikuwen, na ce Allah ya kai mu ta cika uku ta shiga nazare. Wata rana a watan Mayu muna wurin lilo, maƙwabciyar ta tambaye ni wace "pure" Ummi take zuwa. Na ce mece ce kuma pure? Sai na ga fuskarta ta canza kamar na ce ban yi wa yarinya rigakafi ba. Ashe yawancin nazare suna da ajin share fage na 'yan shekara biyu, sau ɗaya ko biyu a mako, uwa ta zo da ɗanta a yi waƙa a yi wasa. Ba don waƙar ake zuwa ba, don a kama wuri ne. Rajistar wannan ajin kuwa tun kakar bara aka rufe ta, lokacin ina fama da koyon yadda ake raba shara gida biyar.

Ta zaunar da ni ta zana mini kalandar a bayan takardar cefane. Shekarar karatu a Afrilu take farawa. A yankinmu makarantu suna raba fom, gansho suke ce masa, ranar 15 ga Oktoba, a mayar da shi a yi ganawa ranar 1 ga Nuwamba. Duk rana ɗaya, don haka ba ka da damar raba ƙafa sosai. Wajen rabon kujeru kuma ƙannen ɗalibai ne a gaba, sai 'yan pure, a wasu wuraren har da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Abin da ya rage shi ake watsa wa irinmu. Wata makarantar ƙuri'a take yi, wata kuma wanda ya riga zuwa.

Daga Yuni zuwa Satumba na zaga makarantu biyar. Ɗaya a harabar wurin bautar Buddha take, fili mai faɗi da itatuwa, malamai masu fara'a, amma na ga yara sun haɗa tafin hannu suna rusunawa gaban gunki da safe. Na yi godiya na fito. Biyu sun yi mana nisa. Ta huɗu wata 'yar tsohuwar makaranta ce a ƙarshen wani lungu, ginin katako, fenti ya koɗe, filin wasa ƙasa ce zalla, ga wani kejin zomo a gefe. Babu bas, babu abincin makaranta, kullum uwa ce za ta dafo. Ban yi minti ashirin a ciki ba. Idon malamar makarantar kuɗi na kalle ta da shi, idon da ya saba auna makaranta da tayil da fentin geti.

Ta biyar ita ce ta tafi da hankalina, kuma ita ce kowa ke magana a kanta a wurin lilo. Gini sabo fil, wurin ninkaya, darasin Turanci, yunifom da hula kamar na 'ya'yan sarauta. Sama da duka tana da abubuwa ukun da matan can ke yi wa laƙabi da dukiya uku: bas mai zuwa har ƙofar gida, abincin rana daga makaranta kullum, da kuma riƙon yaro bayan an tashi har ƙarfe shida. Ɗan maƙwabciyata yana pure ɗinsu, shi kam kujerarsa tana hannu. Na ce wa maigida ko nan ko babu.

Ranar da suka yi taron bayani na sha kunya. Iyaye sun fi ɗari biyu, kowa cikin baƙi ko shuɗi mai duhu, kowa ya zaro silifa daga jaka da ledar da zai saka takalminsa. Ni kuwa na ci ado da atamfa ruwan lemo, na tsaya a bakin ƙofa da takalmi a hannu. Bayan an gama maigida ya bi layi ya isa wurin mataimakiyar shugaba, ya tattaro Japanancinsa na ɗakin gwaje-gwaje ya ce mu Musulmi ne, yarinya ba ta cin alade, ko za a bari ta riƙa zuwa da abincinta? Matar ta ɗan karkata kai ta ce, "Kento shimasu." Muka duba waya, ta fassara mana: za mu duba. Muka dawo gida muna murna.

Ni da na girma a ƙasar da idan ka je neman aiki aka ce maka "za mu duba" ka san ka sha ruwa ka kama gabanka, wai ni ce na ɗauki wannan a matsayin alkawari. So ne ya rufe mini kunne.

A farkon Oktoban nan gwamnati ta fara biya wa yara 'yan uku zuwa biyar kuɗin makaranta, a nazare har yen 25,700 a wata, daidai lokacin da ta ƙara harajin saye daga kashi 8 zuwa 10. Abinci da bas da yunifom ba sa ciki. Maƙwabciyata ta ce bana layi zai fi na kullum, domin waɗanda da kuɗi ke hana su yanzu duk za su fito. Makarantar ta sanar cewa fom ashirin kacal suka rage wa na waje, wanda ya riga zuwa shi ke da shi.

Sai ga guguwa. Daren Asabar 12 ga Oktoba mahaukaciyar guguwar nan Hagibis ta afka wa yankin. Muka kwana da fitilar hannu da ruwa cike a bahon wanka, waya tana ta kururuwar gargaɗi. Kogin Tama ya cika har ruwa ya riƙa komowa ta magudanai, titunan Musashi-Kosugi suka zama taɓo. Wani gini mai hawa 47 ruwa ya shiga ɗakin lantarkinsa na ƙasa, mutane suka rasa wuta da lif da ruwan banɗaki. Na ce to, bana kam babu mai hankalin da zai kwana a titi saboda fom.

Litinin ranar hutu ce. Ƙarfe uku da 'yan mintuna maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa tana haki, ta ce ta wuce ta gaban makarantar a keke, an fara. Makarantar ta manna takarda cewa kada a yi layi tun dare saboda maƙwabta, sai mutane suka koma tsallaken titi suka jeru a jikin katangar wurin ajiye motoci. Maigida yana tsakiyar rubutu a kwamfuta. Ya kalle ni, na kalle shi. Ya ce, "Yanzu da gaske kike?" Na ce, "Baban Ummi, dare ɗaya ne." Ya ɗauki bargo da lema da carbi, ya biya wani shago ya sayi 'yar kujerar naɗewa, ya tafi. Ya zama na goma sha huɗu.

Bayan isha'i na goya Ummi na kai masa shinkafa da miya da shayi a filas. Ban taɓa ganin layi irin wannan ba. Ana yayyafi, ga warin taɓon guguwa bai gama bajewa ba, mutum ashirin da wani abu zaune a jere, shiru kamar ana jarrabawa. Babu mai cewa ni na riga ka, babu mai shigo da ƙaninsa ta gefe. Na farkon layin ya kawo littafi, kowa ya rubuta sunansa da lambarsa, duk bayan awa biyu a kira suna cikin raɗa. Wani yana aikin ofis da kwamfuta a cinya ƙarƙashin lema. Wata tsohuwa mai furfura ta karɓi surukinta don ya je ya ci abinci. Akwai wani saurayi a lamba ta shida da ko aure bai yi ba, ashe hayarsa aka yi, aikinsa ke nan tsayawa wa mutane a layi. Maigida ya ce mini a hankali, "Na kwana a layin mai, na kwana a layin banki, amma layin da ba a zagi ban san yadda ake zamansa ba."

Da asuba ta gabato ya rasa yadda zai yi da salla. Ya yi wa na goma sha uku bayani da hannu da baki cewa zai je ya yi addu'a minti goma. Mutumin ya ɗora jakarsa a kan kujerar maigida alamar yana tsaro. Ya yi alwala da ruwan gora ya yi sallarsa a bayan wata mota. Da ya dawo ya tarar da gwangwanin kofi mai zafi a kan kujerar, irin wanda ake cirowa daga injin bakin titi. Mutumin ya nuna masa hoton 'yarsa a waya, ya ce matarsa za ta koma aiki a Afrilu, idan ba su sami wurin da zai riƙe yarinyar har yamma ba, aikin ya tafi.

Tsakaninmu da gida awa takwas ne, don haka wajen ƙarfe biyun dare Hajiyarsa ta kira shi daga Zariya, can magariba ta kusa. Ta ji ƙarar ruwa a kan lema ta ce ina yake. Da ya faɗa mata ta yi shiru, sannan ta ce, "Biza ake rabawa?" Ya ce a'a Hajiya, fom ɗin nazare ne na Ummi. Ta ce, "Ikon Allah. To ku aiko mini ita mana, ga makarantar Malam nan a ƙofar gida, ko allo ba sai kun saya ba."

Ƙarfe tara aka buɗe geti. Ya dawo da ambulan a ƙirji cikin riga, idanu jajur, ya faɗa kan katifa ko takalmin ƙafa da ƙyar ya cire.

Makonni biyun da suka biyo baya na zama wata iri. Fom ɗin yana tambayar dalilin zaɓen makarantar, da kyawawan halayen yaro da raunukansa, da yadda ake tarbiyya a gida. Maƙwabciyata ta rubuta mana da fensir a wata takarda, maigida ya kwana biyu yana kwafar haruffan nan ɗaya bayan ɗaya da biro, domin ba a son gogewa. Na sayi hijabi shuɗi mai duhu da silifa ta cikin gida, shi ya aro kwat. Ummi kuwa ta ga ta kanta. Safe da yamma ina tsare ta: menene sunanki, shekarunki nawa, wannan wane launi ne. Ga yaƙin raba ta da famfas. Ranar da ta jiƙa tabarma na daka mata tsawar da har yau idan na tuna sai na ji nauyi, yarinya 'yar shekara uku da wata biyu.

Ranar Juma'a 1 ga Nuwamba muka je. Aka shiga da mu wani aji, aka zaunar da ita a 'yar kujera. Malama ta durƙusa ta tambaye ta suna, ta ce, "Ummi desu." Shekaru fa? Ta ɗaga yatsu uku. Aka nuna mata tuffa ta ce ja ce da Japananci. Na ji kamar in yi guɗa. Aka ce mun samu, mu wuce tebur na gaba mu biya kuɗin shiga, yen 130,000, a ranar, kuma ba a mayarwa. Kusan kuɗin watan maigida ke nan cif, mun daɗe muna tara shi.

Ambulan ɗin kuɗin yana hannunsa ya ce bari dai ya sake tambaya kan abinci. Aka kira mataimakiyar shugaba. Ta zo da jadawalin abincin wata, ta ja iska ta haƙora ta ce, "Muzukashii desu ne," wato da wuya. Ta bi da yatsa tana nuna mana: miyar alade ranar kaza, naman alade a cikin taliya, garin miyar kori da romon alade a cikinsa, har kayan zaƙin da ake daskarar da su da sinadarin da ake samu daga alade. Ta ce ƙa'idarsu kowa ya ci abu ɗaya tare, wani kamfani ne ke dafowa, ba sa ware wa yaro sai wanda likita ya rubuto cewa abincin na tayar masa da ciwo. Ta ce ko yarinyar za ta riƙa tsame naman ta ajiye gefe?

Ba zan ɗora wa matar nan laifi ba. Ba ta yi mana wulaƙanci ba, yara wajen ɗari uku ke wuyanta, kuma a nata ganin tun Satumba ta ba mu amsa. Laifin da zan faɗa nawa ne. Na juya na ce wa maigida da Hausa, "Yarinya ce fa, alƙalami bai hau kanta ba. Ko mu sami likita ya rubuta mana cewa ba ya karɓar jikinta." Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Maman Ummi, ranar farko ta karatunta za mu buɗe mata da ƙarya?" Ya mayar da ambulan aljihu, ya miƙe ya rusuna ya yi godiya. Matar ta raka mu har bakin ƙofa tana ba da haƙuri.

A titi na sauke masa kwandon masifa. Na ce ya kwana a ruwa a banza, na ce ya fi son a ce masa malam da a ce 'yarsa na makarantar kirki, na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Bai ce uffan ba, yana riƙe da hannun Ummi, ita kuma tana ta tsalle da sabon takalmi tana cewa ta ci jarrabawa.

Maƙwabciyata ce ta tarar da ni a matakala ina hawaye. Da ta ji abin da ya faru sai ta ce, "Ummi-chan mama, ke da ba za ki ci abincinsu ba, me ya kai ki layin masu neman abincinsu?" Ta ce mata suna kwana a titi ne don su sayi lokaci, kada su tashi asuba dafa bento, wato abincin da yaro ke tafiya da shi makaranta, kada su yi jigilar yaro, kada ƙarfe biyu ta tsinke musu yini. Ta ɗauki waya ta kira 'yar makarantar nan ta lungu mai zomo. Aka ce akwai sauran gurbi, mu zo yanzu.

Mun tarar da shugabar tana sharar ganye a tsakar gida da atamfar girki ɗaure a ƙugu, tsohuwa ce da ta haura saba'in. Ba ta tambayi Ummi launi ko ɗaya ba, ta bar ta ta tafi wurin zomo. Da maigida ya fara bayanin alade cikin ɗari-ɗari, sai ta ce ai nan kowa daga gida yake zuwa da nasa. Ta ɗauko littafi ta ce abin da ke damunta shi ne ranakun biki, da alewar da ake rabawa idan ana murnar haihuwar yara, mu lissafa mata duk abin da ba ya halatta ta rubuta. Ta tambayi ko man gyaran gashi da sabulu ma akwai matsala. Kafin la'asar mun biya, kuma kuɗin bai kai na can ba.

Kada wata ta ɗauka daɗi na faɗa. Abin da matan nan suke gudu gaskiya ne, kuma na ɗanɗana shi. Aka ba mu takarda mai ɗauke da awon jakunkunan da za a ɗinka, ta littafi da ta takalmin aji da ta kofi, kowace da santimitarta. Aka ce a rubuta sunan yarinya a kan komai, har kowane sandan kala guda-guda da kowace ƙafar safa. Muka sayi tsohon keke mai kujerar yaro a baya, na koyi tuƙa shi da hijabi, na faɗi sau biyu. Ga taron iyaye mata da ba ya ƙarewa. Ranar Laraba kafin azahar an tashi. Aikin da na ci burin yi bai wuce na awa uku a wani wurin naɗe kaya ba, shi ma sai a shekara ta biyu. Sau da yawa ina tsaye a kicin ƙarfe biyar da rabi cikin sanyin Janairu, nakan tuna mutumin lamba goma sha uku, in ce Allah ya sa matarsa ta koma aikinta.

Shigar ma ba ta zo yadda aka tsara ba. Korona ta sauka, a farkon Maris ɗin 2020 aka rufe makarantu, ranar 7 ga Afrilu aka kafa dokar ta-ɓaci. Furannin sakura da ake ɗaukar hoton shiga makaranta a ƙarƙashinsu suka fito suka zube muna leƙensu ta taga. Muka yi azumi muka yi salla mu uku a ɗaki. Sai a Yuni Ummi ta saka hularta ta tafi, da takunkumi ya rufe rabin fuskarta.

Ranar da aka fara zuwa da abinci na cika mata kwano dam da shinkafa da wake da soyayyen kifi, kamar mai aika wa leburan gona. Ta dawo da fiye da rabi tana kumbure-kumbure. A ɗan littafin da malama ke rubuto saƙo na tarar da rubutu, maƙwabciyata ta karanta mini: don Allah a rage abincin sosai, a sa daidai abin da za ta iya cinyewa, domin yaro yana jin daɗin nuna kwanonsa fayau. Washegari na sa ƙosai uku da 'yar shinkafa dunƙule biyu. Ta shigo gida tana ɗaga kwanon sama tun daga ƙofa. Bayan mako biyu wata uwa ta tare ni a bakin geti da waya a hannu, ta fassaro tambayarta: ɗanta ya dame ta da maganar wani soyayyen abu mai ruwan ƙasa da Ummi-chan ke ci, da me ake yin sa? Na rasa yadda zan yi mata bayanin surfen wake da hannu da baki, sai na ce ta zo gida ranar Asabar. Su uku suka zo, kowace da silifarta a jaka.

Shekara biyu Ummi ta yi a wurin, maigida ya kammala a Maris ɗin 2022 muka tattaro. Tsohuwar ta ba ta hoton zomon a cikin ɗan firam. Wajen haɗa kaya mun zubar da abubuwa da yawa saboda nauyi, har keken na bar wa maƙwabciyata, amma Baban Ummi ya ce kujerar naɗewar nan ƙafarsa ƙafarta. Mun sauka muka tarar ana wahalar mai. Tana nan a but ɗin motarsa har yanzu, ƙafa ɗaya an ɗaure da waya.